Jajen Firaminista a Rumfar Kawu

A rumfar kawuna da ke bakin boda a Jibiya akwai wani hoto nawa da ya fi ni suna. A Landan aka ɗauke shi, ina tsaye riƙe da makirfo a gaban baƙar ƙofar nan ta gidan firaministan Birtaniya, sanyi ya sa na ƙanƙance idanu, sai ka rantse makomar duniya nake tunani. A bayana ga ɗan sanda, a gefen ɗan sandan ga kyanwar gidan zaune abinta. Abin da hoton bai nuna ba shi ne 'yan jaridar da ke jingim tare da ni a bayan shingen ƙarfe, kowa yana jiran na gabansa ya matsa, shi ma ya ɗauki nasa hoton kamar shi kaɗai aka gayyata.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi, kuma gyaran rediyo ne sana'arsa tun ban san dama da hagu ba. Rumfarsa tana 'yan taku kaɗan daga shingen da ake tsayar da motoci masu shiga Nijar. Direbobin manyan motoci kan wuni suna jiran a duba musu takardu, to a bencinsa suke zubewa, wani ya kawo rediyo, wani tocila, yanzu har da waya. Da na aiko masa da hoton sai ya kai shi Katsina aka faɗaɗa, aka sa masa gilashi, ya rataye shi saman teburin aikinsa. Duk wanda ya tambaya amsa ɗaya ce: "Ɗan ƙanwata na, ga shi nan ƙohwar gidan maigidanshi." Haka labarin ya bi motoci har Maraɗi, wai ni na hannun daman firaminista ne. Na sha niyyar gyara maganar a waya, amma tsakani da Allah ba ta yi mini ɗaci ba.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina karanta labarai da Hausa a wani gidan rediyo a can. Sai aka wayi gari aka ce za a rage ma'aikata, sunana kuma yana ciki. Turawa sun iya sallamar mutum cikin ladabi, wannan kam ba na yi musu ƙage. Wani ɗan ƙaramin ɗaki aka kira ni, mutum biyu a zaune, ga kofin ruwa, ga kwalin hankicin takarda an tura shi ɓangarena tun kafin a fara magana. Matar ta tambaye ni yadda nake ji a raina. Namijin ya ce wannan ba shi da nasaba da ingancin aikina. Ranar ƙarshe abokan aiki suka ba ni kati kowa ya sa hannu, aka yanka kek, wani ya dafa kafaɗata ya ce za mu riƙa gaisawa, sannan ya leƙa taga ya ce da alama za a yi ruwa. Shi ke nan, an gama.

Na yi kusan wata uku a ɗaki, babu wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa in ba mai kawo wasiƙa ba. Maƙwabcina da muka shekara takwas tare ya ga na daina fita da safe, ya kuma gane, sai ya ƙara tsawon gyaɗa kan da yake mini a matakala. Ba mugunta ba ce. Su a wajensu, barin mutum shi kaɗai da baƙin cikinsa mutuntawa ce. Ni kuwa ɗan Jibiya ne, wannan mutuntawar ta kusa kashe ni.

Na dawo gida da kaka, ana ta shigo da damman gero daga gona. Kowa na ce masa hutu na zo. Matata kaɗai ta san gaskiya, ita kuma na bar ta Kano wajen iyayenta. Kawu ne ba zan iya gaya wa ba. Shi ya fara ɗora ni a benci ya ce in kwaikwayi masu labarai, mutane suna dariya. Tun da na fara aiki, idan lokacin shirina ya yi bayan la'asar, yakan ajiye sukundireba ya ƙure murya, duk direban da ya yi tari sai ya sha harara. Ta ina zan fara ce wa wannan mutumin an tura mini kwalin hankici? Na yanke shawarar in ci gaba da hutu har Allah ya kawo mafita, ko hutun zai kai shekara.

Kullum da hantsi sai in tafi rumfa in zauna ƙarƙashin hotona. Majalisar rumfar tana da jiga-jigai biyu bayan Kawu. Akwai wani tsohon hedimasta da ke zuwa daga Daddara a kan babur, mai Turanci da yawan bibiyar labaran duniya a waya. Akwai kuma wani direba Bamaraɗe da motarsa ta yi kwanaki a bakin shinge saboda wata takarda da ba ta iso ba, mutum mai tambaya kamar ɗan jarida, sai dai shi yana sauraren amsa.

Siyasar Birtaniya kuwa a lokacin ta fi wasan kwaikwayo daɗi, don canza firaminista suke ta yi kamar masu canza riga. Ni kuma na zama malami mai fatawa.

Direban ya ce, "Malam, wai da gaske na a majalisarsu gaba da gaba suke zagin juna?"

Na ce, "Gaba da gaba. Sai dai kafin mutum ya zage ka sai ya kira ka mai girma."

"Kuma ba a jihwa da kujera?"

"Ba kujeru ba ne, benci ne dogo, a kafe yake."

Ya ce, "To ka ji dalili. Ni dai na san ba haƙuri ba na."

Na ba su labarin ranar da na tsaya a jirgin ƙasa kusa da wani minista, shi ma a tsaye yana riƙe da ƙarfe, babu wanda ya tashi ya ba shi wuri. Kawu ya ɗago daga rediyon da yake kwancewa ya ce, "Kai ma ba ka tashi ba?" Na ce ai ni ma a tsaye nake. Ya ce, "To ka riƙe mishi jaka mana. Haka anka rene ka?" Na ba su labarin yadda ɗan jarida a can zai maimaita wa minista tambaya ɗaya har gumi ya karyo masa a gaban duniya. Hedimasta ya san wannan, amma ya tambaya don sauran su ji: "Kuma ɗan jaridar shi kwana gidanshi?" Na ce ya kwana, har da munshari. Aka yi salati.

Kyanwar hoton ma ba ta tsira ba. Da suka ji cewa ta ga shigar firaminista da fitarsa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ita kuma tana nan daram, direban ya ce, "Wagga kyanwa a bincike ta." Kawu ya ce babu wani bincike, gidan nata ne, su 'yan haya ne.

Su ma suna samun abin dariya a kaina. Wata rana zan ƙetara Ɗan Isa cikin Nijar gaisuwa, na isa wajen masu duba takardu, na ga mutum tsaye, sai na bi bayansa na tsaya, don shekara goma sha ɗaya ta koya mini cewa duk inda mutum ya tsaya layi ne. Na daɗe ina tsaye cikin natsuwa, mutane suna wuce mu suna gaisawa da jami'ai suna tafiyarsu, ina yi musu kallon marasa tarbiyya. Can mutumin ya waiwayo ya ce, "Lahiya, Alhaji?" Ashe inuwa yake sha. Kafin in dawo labarin ya riga ni isa rumfa.

Ina jin daɗin zaman nan, ba zan ɓoye ba. Ina ta "mu a can", ina ta "idan na koma", babu mai ce mini uffan. Abu ɗaya ne kawai ke tsinka mini zuciya, wato isowar la'asar, lokacin shirin da nake karantawa. Amma Allah ya rufa mini asiri, tun ranar da na zo, da an idar da sallah sai Kawu ya girgiza rediyonsa ya yi tsaki ya ce batir ya yi sanyi, ya kashe. Ni kuma in yi hamdala a zuci, in ci gaba da fatawa.

Ran nan bayan azahar hedimasta ya ɗago kai daga wayarsa ya ce, "Ta yi murabus." A lokacin mace ce a kan kujerar, ko wata biyu ba ta cika ba. Na gyara zama zan fara sharhi, har na ɗauko labarin wata jaridar can da ta ajiye ganyen latas a gaban kyamara don a ga wa zai riga wani yanƙwanewa, ita ko shi. Ina jiran dariya, sai na ji shiru. Na duba na ga duk idanu a kaina suke, irin kallon da ake yi wa wanda gobara ta cinye wa rumbu. Direban ya cire hula ya mayar. Kawu ya ajiye sukundireba ya ce, "Inna lillahi. Uwar ɗakinka ta hwaɗi."

Na ce, "Kawu, wace uwar ɗaki? Lokacin da aka ɗauki hoton nan ma ba ita ce a gidan ba. An yi biyu kafin ita."

Ya ce, "Gidan dai ɗaya na."

Washegari tun da sassafe ya aiko a ce mini in sa babbar riga. Na iso rumfa na tarar an janye benci, an shimfiɗa tabarmi har bakin hanya, ga buta, ga tulun ruwa. Na tambayi abin da ake yi. Kawu ya ce jaje za a zo yi mini. A wajenmu idan mutum ya yi rashin da ba mutuwa ba, ko ɓarayi sun shiga masa, ko ɗan takararsa ya sha ƙasa, ba a barinsa, sai an zo an zauna an jajanta masa. Na ce, "Kawu, wallahi matar nan ko a hanya ba ta san ni ba. A ƙasarsu ma babu mai yi mata jaje, motar kwasar kaya za ta zo ta bayan gida ta kwashe mata tukwane." Ya ce, "Wanga kuma rashin tarbiyyarsu na. Zamna."

Na zauna ina huci. Direban ne ya fara zuwa, ya yi wanka ya sa kaya masu guga, ya durƙusa ya miƙo hannu. "Ashe abin da ya hwaru ke nan. Sai haƙuri. Mulki na Allah na." Na ce amin a can cikin maƙoshi. Sai masu canjin kuɗi, sai 'yan kamasho, sai mai gasa nama. Wani jami'in kwastan ya baro shinge ya zo ya cire takalmi. Wani jandarma daga ɗaya ɓangaren ya aiko da saƙo a bakin ɗan acaɓa, wai yana kan aiki amma yana taya ni jimami. Wata tsohuwa Bafulatana mai kawo fura daga Bugaje ta sauke ƙwaryarta ta tambayi Kawu ko matar tana da 'ya'ya, aka ce tana da su, ta ce to da sauƙi, za su riƙe ta. Wani ya ba ni shawarar in yi maza in kai gaisuwa wajen wanda zai gaje ta tun kafin 'yan baƙin ciki su riga ni. Wani ya ce a'a, in bi ta kan kyanwar.

Da farko dariya nake dannewa, daga baya haushi ya maye gurbinta. Ni fa ɗan jarida ne, na ƙare ƙuruciyata ina tace labari, ga ni zaune cikin babbar riga ina karɓar jajen ƙarya a bakin boda. Abin da ya fi ɓata mini rai kuma shi ne addu'o'in sun fara taɓa ni inda ban shirya ba. "Allah shi maida alheri." "Wanda ya ruhe wagga ƙohwa shi zai buɗe wata." "Abincinka bai ƙare ba." Kowace sai ta sauka a kan ciwon da nake ɓoyewa, in dai ce amin.

Zuwan hedimasta ne ya ƙure ni. Mutumin da ya san tsarin mulkin Birtaniya ya fi wasu 'yan majalisarsu, ya kafe babur, ya zo ya durƙusa da fuskar jimami, ya ce, "Malam, ya muka ji da wannan abu?" Ban san lokacin da na miƙe ba.

Na ce, "Haba Malam! Har da kai? Jama'a, ku saurare ni. Matar nan ba ta san ni ba! Wanda ya gabace ta bai san ni ba! Ban taɓa shiga gidan nan ba, ko zaurensa. A titi nake tsaye, bayan shinge, kamar yadda motar wannan bawan Allah take tsaye a nan!"

Na ce a raina yau dai na kashe maganar. Sai direban ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Haka manya suke. Ka yi musu bauta shekara da shekaru, ko zaure ba su sa ka ba." Wuri ya kaure da "Allah shi isar maka", tsohuwar nan har da share ido. Hedimasta ya kamo hannuna ya zaunar da ni, ya ce a yi fatiha. Aka shafa.

Wajen azahar mutane suka watse zuwa masallaci, aka bar ni da Kawu. Ya koma kan teburinsa yana soke-soke a cikin wata tsohuwar rediyo. Ihun da na yi ya sassauta mini wani abu a ƙirji, na ga tun da na fara faɗin gaskiya gara in ƙarasa. Na matsa kusa na ce, "Kawu, akwai maganar da nake so in gaya maka."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Wata ukku da kwana tara."

Na ce, "Na'am?"

"Rabon da in ji muryarka. Satin hwarko na ce rediyon ta, na kwance ta na ɗaure, na canza eriya. Sati na biyu na ce ko mura ta kama ka. Da wata ya cika na ji sun sa wani mai sauri kamar ana korarshi, na san abin da ake ciki." Ya hura ƙurar da ke cikin rediyon. "Ni da na tsuhwa cikin wagga sana'a, murya ta ɓace in kasa sani? Kuma kai da hankalinka, ka taɓa ganin mai gyaran rediyo da batir ke mutu mishi kullum bayan la'asar?"

Na ce, "Su waye suka sani?"

"Duk wanda ya zamna bisa tabarmar ga yau. Su ma kunne gare su."

"Har hedimasta?"

"Shi ya kawo shawarar. Tun ranar da ka zo muke son mu yi maka jaje, kai kuma ka ce hutu. Ana yi wa mai hutu jaje? Ka ruhe ƙohwa, ba mu da ta shiga, kuma ba mu son mu kunyata ka. Muna nan muna jira sai Allah ya kawo hwaɗuwar wagga baiwar Allah. Allah shi saka mata da alheri, ta yi mana rana."

Na so in yi dariya, sai ga hawaye. Na tuna katin nan mai sa hannu da yankan kek, na tuna wata uku ina sauraren ƙofa. Ga shi mutanen da nake yi wa fatawa a kan wayewar Turawa sun bar canjinsu da gashin namansu da shingensu, sun yi wanka, sun zo sun yi mini ƙarya tun safe har azahar don kada in ji kunya. Kunyar kuwa na ji ta, amma ba irin wadda na yi wata uku ina gudu ba.

Na ɗaga kai na dubi hoton na ce ko za a sauke shi. Kawu ya ce, "A kan mi? Ba kai ba na a ciki? Ga kyanwar ma tana nan."

Muna haka sai ga wani dattijo daga Riko, abokin Kawu, ya iso a makare, ƙafafunsa duk ƙasar gona. Ya ce labari bai same shi da wuri ba, yana can wajen girbi. Kawu ya nuna masa ni da haɓa. Na yi sauri na goge fuska da hannun riga, na koma kan tabarma na gyara zama. Dattijon ya durƙusa da ƙyar, ya riƙe hannuna da hannayensa biyu masu kaushi, bai ambaci firaminista ba, bai ambaci kowa ba. Ya ce, "Ɗana, ashe abin da ya hwaru ke nan."

Na ce, "Wallahi kuwa, Baba. Abin da ya faru ke nan."

Ya ce, "Allah shi maida alheri."

Na ce amin, ban kuma saki hannunsa da wuri ba.